Dalilin da Ya Sa Sarauniyar Ortila Take da Suna Bakwai, Babu Nata Ko Ɗaya

Dalilin da ya sa ake kiran sarauniyar tsibirin Ortila da suna bakwai a harsuna bakwai, amma babu sunanta na yanka a ciki, magana ce ta abinci. Na ga kuna dariya. To ku gyara zama, yara, domin ita ma da aka fara yi mata maganar dariya ta yi.

A can ƙasar Girka, zamanin da mutanenta suke bauta wa alloli barkatai, na teku daban, na iska daban, har da mai kula da baƙi, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Ortila. Ba shi da zinariya, ba shi da gonakin kirki. Ƙanƙantarsa ta kai in mutum ya hau dutsen da ke tsakiyarsa ya yi atishawa, na ƙarshen gari zai ce masa sannu. Abu ɗaya yake da shi, wata rijiya mai ruwan daɗi. Saboda ita duk jirgin fatake da zai ƙetare teku sai ya tsaya a can ya cika tuluna.

Girkawan wancan zamani suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. In baƙo ya shigo gidanka, ba ka tambayar sunansa, ba ka faɗa masa naka. Ka ba shi ruwa ya wanke ƙafa, ka ajiye masa abinci. Sai ya ci ya ƙoshi ya ture akushi da hannunsa, sannan ku gaya wa juna sunaye. Daga nan a fasa ɗan kasko gida biyu, kowa ya riƙe ɓari ɗaya. Sunan da baƙo ya ji bayan ya ƙoshi ya zama amana a wuyansa. Zai kai shi garinsu, ya koya wa 'ya'yansa, su ma su koya wa nasu. Sunan da aka ji da yunwa kuwa babu wanda ya wajaba ya ɗauka.

Sarauniyar Ortila ta gaji sarauta daga ubanta, kuma babu abin da take ƙauna a duniya kamar sunanta. Ƙaunar ta kai ta ga bai dace ya riƙa fita daga bakin talakawanta ba, mutanen da suke karyawa da kifi su yini da kifi. Sai ta kafa doka: ba a faɗar sunan, ba a sa wa jariri, ba a sassaƙa shi a dutse kada tsuntsun teku ya sauka a kai ya yi abin da ya saba. Mutum ɗaya aka yarda ya riƙe shi, tsohon sanƙiran fada mai suna Filandaro. In zai ambata a wurin biki, sai sarauniya ta ɗaga hannun dama, duk ɗan tsibirin da ke wurin ya toshe kunnuwansa da yatsu har ta sauke. Wanda ya yi jinkiri, a jefa shi daga kan dutse zuwa teku.

Shekara ashirin da biyar ana haka. Tsofaffin da suka san sunan suka mutu da shi a ciki. Yara suka tashi ba su taɓa jin sa ba. In za a yi maganarta sai a nuna fada da haɓa a ce, "Waccan."

A bakin gaɓa kuma akwai wata mata mai sayar da soyayyen kifi, sunanta Nikasa. Shekara ashirin tana zaune a gaban kaskonta tana ciniki da matuƙan jirage, har ta iya harsuna bakwai, rabi na ciniki, rabi na zagi. Ita dai sunanta babu wanda ya hana faɗa. Daga Misra har Farisa, duk wanda ya taɓa cin kifinta ya san shi.

Wata rana da hantsi dogarai suka zo suka ce ana kiranta a fada. Ta wanke hannu sau uku, ta tafi tana tuna laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya.

Ta tarar da sarauniya zaune da madubin tagulla a hannu, ta tsinko furfura guda tana kallonta kamar an aiko mata da takardar yaƙi. Girkawan nan ba sa tsoron mutuwa kamar yadda suke tsoron a manta da su. A ganinsu mamaci yana da sauran rai muddin akwai bakin da ke ambatonsa. Ranar nan ce sarauniya ta farga cewa duk duniya bakin Filandaro ne kaɗai ya san sunanta, kuma haƙoransa huɗu suka rage.

"Ke ce mai jin maganar baƙi?" in ji sarauniya, tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Tsaya daga nan, ina jin ki. Jibi ne jirage za su taru su ɗebi ruwan ƙarshe kafin teku ta rufe, ko ba haka ba?"

"Haka ne. Da la'asar iskar tafiya za ta taso. Wanda bai bi ta ba, sai ya yi wata huɗu a nan yana kallon raƙuman ruwa."

"To zan kira shugabannin jiragen duka su ci abinci a fadata. Rago ɗari za a gasa. Filandaro zai jero musu kakannina sittin, tun daga allan teku har zuwa kaina, ke kuma ki juya musu a harsunansu. A ƙarshe a faɗi sunana, su tafi da shi ƙasashe bakwai. Sunan ba ya bukatar tafinta, saboda haka in an zo nan ki toshe kunne kamar kowa. In ya ƙetare teku, kin tsira. In bai ƙetare ba, harshenki ne zai biya."

Nikasa ta ce, "Abu mai sauƙi ne, ranki ya daɗe. Suna ture akushi sai a fara."

"Wa ya ce miki bayan sun ci ne? Kafin su ci."

Nikasa ta dubi Filandaro. Tsohon ya dubi rufin ɗaki, kamar yau ya fara ganin sa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, al'adar kakanni..."

"Kakannin nawa ne, ba naki ba," in ji sarauniya, ta yi dariya. "Na san al'ada, na kuma san maza in sun ƙoshi. Ubana ya shekara talatin yana ciyar da baƙi. Suna cika ciki sai gyangyaɗi, ana faɗa musu sunansa suna hamma. Mai jin yunwa kunnensa a buɗe yake."

"Hancinsa ne a buɗe, ranki ya daɗe."

"Me kika ce?"

"Na ce dabara ce mai kyau."

Ranar ta zo. Tun jiya labarin rago ɗari ya zaga jirage, saboda haka baƙi da yawa ba su ci abincin dare ba, balle na safe. Ga mutanen Misra da fararen tufafinsu, ga na Finikiya da shugabansu, wani ƙaton sarkin jirgi mai suna Mattanu, ga na Farisa, ga Habashawa, ga wasu jajayen mutane daga arewa. Can gefe kuma ga wata tsohuwa da ta fito daga ƙetaren sahara da jemammun fatu, ta biyo jirgin Misirawa. Wasu sun ce daga wajejenmu take. Ni dai ban gan ta ba.

Aka zaunar da su a farfajiyar fada. Aka jera tukwane da akusa a gabansu, kowanne da murfi a kai, kowanne da dogari a baya. Ƙamshin nama da tafarnuwa da man zaitun ya cika wurin. Mattanu ya naɗe hannun riga, ya kai hannu ga murfi. Dogari ya ɗora sandarsa a kai.

Mattanu ya juyo. "Nikasa, mene ne haka? Ko an manta gishiri?"

"Yi haƙuri, sarkin jirgi. Ɗan jawabi za a yi."

"Kafin abinci? A gidan Bagirke?"

"Sabon tsari ne."

Filandaro ya miƙe, ya gyara murya, ya fara da allan teku, da yadda ya ga wata budurwa tana wanki a bakin ruwa, da abin da ya ce mata, da abin da ta ce masa, da irin takalmin da ta sa. Ya daɗe yana yi kafin ya kai ga haihuwar kaka na farko. Da ya tsaya, Nikasa ta juya ga Misirawa ta ce, "Wani ya haifi wani." Ta juya ga mutanen Finikiya ta ce haka. Ta bi sauran duka.

Sarauniya ta haɗe gira. "Ke! Sanƙira ya yi maganar da za a dafa ƙwai a cikinta, ke kin yi kalma huɗu?"

"Harsunansu ne haka, ranki ya daɗe. Matsattsu ne."

"To ki buɗa su. Har takalmin nake so su ji."

Haka Nikasa ta koma ta faɗi takalmi sau shida.

Rana ta take tsaka ana kaka na goma sha tara, wanda ya kashe wani zaki da ba a taɓa ganin irinsa a tsibirin ba, kafin shi ko bayansa. Kitsen da ke cikin tukwane ya fara daskarewa. Cikin wani Bafarishe ya yi ƙugi har dogari ya waiwaya yana neman kare. Sarauniya kuwa tana zaune a kan karagarta tana murmushi, ganin duk idanu sun yo wajenta. Ba ta lura cewa babbar tukunya a gaban ƙafafunta take ba.

A kaka na talatin da biyu Mattanu ya yafuto Nikasa.

"'Yar'uwa, faɗa mini tsakani da gaskiya. Saura nawa?"

"Ashirin da takwas."

"Duk sun yi abin faɗa?"

"Kowannensu ya kashe wani abu."

"Da sun sani sun bar mana shi da rai, mu yanka mu ci."

Nikasa ta rarrafa gaban karaga. "Ranki ya daɗe, ko gurasa a ba su su riƙe. Inuwa ta fara juyawa."

"In bakinsu yana tauna, kunnensu ba ya ji. Koma wurinki."

Ta koma. Tana ji muryar Filandaro ta fara shaƙewa, tana kuma kallon wani ɗan tsumma da aka ɗaura a kan sandar ƙofar fada. Tun safe yake rataye kamar matacce. A kaka na hamsin da ɗaya sai ya motsa. A na hamsin da uku ya miƙe sosai yana nuna teku.

Duk matuƙin da ke wurin ya gani. Mattanu ne ya fara tashi. Ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya rusuna.

"Nikasa, gaya wa mai gidan nan mun gode. Ba mu taɓa shaƙar abinci mai daɗin wannan ba. Iska ta taso. In mun zauna jiran sauran kakanninta, mu ma a nan za mu zama kakanni."

Nikasa ta juya maganar, ta rage mata kaifi. Sarauniya ta miƙe tsaye.

"Ce musu saura bakwai kawai!"

Amma Misirawa sun riga sun kai ƙofa, Habashawa na biye. Dogarai suka dubi juna. Hana baƙo abinci abin kunya ne, amma tare masa hanya laifi ne da allan baƙi ba ya yafewa, kuma babu dogarin da ke son ya gwada. Kafin a gama kaka na hamsin da biyar farfajiya ta zama wayam. Mutum ɗaya ya rage, tsohuwar nan mai fatu, domin gwiwoyinta ba sa tashi da sauri.

Nikasa ta ga harshenta yana da sauran rabo. Ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ga baƙuwa ɗaya. Duk cikin baƙin nan babu wanda ya zo daga nesa kamarta. Loma ɗaya za ta ci ta ture akushi, ki faɗa mata sunan, a fasa kasko. Za ta kai shi har bayan sahara."

Tsohuwar ta ce wani abu a hankali.

"Me take cewa?"

"Ta ce ko ɓaure ɗaya ya ishe ta, haƙoranta ba su da yawa."

Sarauniya ta dubi tsohuwar, ta dubi tukwane, ta dubi sanƙira. Nikasa ta ga kamar za ta yarda. Sai ta ɗaga haɓa.

"Mun yi hamsin da biyar a tsare, sai in ɓata tsari saboda biyar? Ce mata saura kaɗan."

Nikasa ta ce mata. Aka yi na hamsin da shida. "Saura kaɗan." Aka yi na hamsin da bakwai. "Saura kaɗan, Iya." Daga gaɓa aka busa ƙahon jirgin Misirawa. Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗaura ƙunshin fatunta, ta dafa kafaɗar Nikasa.

"'Yata, tun ina yarinya nake jin saura kaɗan. Ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da shi ba."

Ta fita tana ɗingishi.

Nan fa sarauniya ta ga abin da kowa ya gani tun tsakar rana. Ta daka wa sanƙira tsawa. "Bar sauran! Bi su gaɓa ka faɗi sunan!"

Filandaro ya buɗe baki. Babu abin da ya fito sai wata 'yar iska, irin ta tsohon zugazugi. Kakanni hamsin da bakwai sun cinye muryar.

Sarauniya ta tattare zaninta ta fita da gudu, abin da ba a taɓa gani ba. Nikasa ta bi ta, dogarai suka bi, gari duka ya bi. Suka isa gaɓa jirage sun riga sun saki igiya, iska ta cika ƙyallayen da ke tura su. Sarauniya ta hau kan wani dutse, ta cika ƙirji, ta ɗaga hannun dama don ta tsayar da jiragen.

To kun tuna dokar. Mutanen Ortila masu biyayya ne, shekara ashirin da biyar ana koya musu. Suna ganin hannu a sama, masunta da mata da dogarai, kowa ya cusa yatsu a kunne. Nikasa ma ta cusa, domin dutsen da ake jefa mutane yana nan kusa tana ganin sa.

Sarauniya ta ƙwala sunanta sau uku. Iskar da ke tura jirage ta kwashe shi ta watsar. Na cikin jirgi sun ga wata mata a kan dutse tana buɗe baki tana rufewa, har wasu suka ɗaga mata hannu don ladabi. Na tudu kuma sun ga haka nan. Sunan ya fito da ƙarfin da bai taɓa fitowa da shi ba, kuma ko kunne ɗaya bai shiga ba.

Ba a yanke harshen Nikasa ba. Ba don tausayi ba ne. Sarauniya ta lissafa cewa in jirage suka dawo, babu mai gaya mata abin da duniya ke cewa sai ita. Filandaro kuwa muryarsa ba ta dawo ba, kuma kafin sanyi ya wuce ya rasu.

Da teku ta buɗe, sarauniya ta sa aka gasa rago ɗari biyu, aka buɗe tukwane tun da safe, aka aika Nikasa ta kira baƙi. Ta dawo ita kaɗai.

"Ina suke?"

"Sun ce a gaishe ki, ranki ya daɗe. Sarkin jirgi Mattanu ya ce ƙamshin bara bai gama narkewa ba."

"Ba sa maganata a garuruwansu?"

"Suna yi. Kai, babu kasuwar da ba a yi."

Fuskar sarauniya ta haskaka. "Da wane suna?"

Nikasa ta ɗan matsa baya. "Kowa da nasa. Misirawa suna ce miki Mai Rufaffiyar Tukunya. Mutanen Finikiya, Jikar Mutum Sittin. A Farisa, Uwar Ƙamshi. Habashawa suna cewa Mai Hamma a Kan Dutse. Na mutanen arewa ba zai faɗu a fada ba. Can bayan sahara kuma, an ce in uwa ta daɗe ba ta sauke tukunya ba, sai yara su ce yau Sarauniya Saura Kaɗan ce ke girki."

Nikasa ta dubi matar nan da furfurarta ta ƙaru, sai ta ji tausayinta ya kama ta, abin da ba ta yi tsammani ba.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, akwai hanya ɗaya. Baƙi ba za su sake zama a gaban akushinki ba, amma kullum suna zama a gaban kaskona. Faɗa mini sunan. In sun ci kifi sun ƙoshi, ni zan ba su shi, su tafi da shi."

Sarauniya ta daɗe tana kallon ta. Ta kalli hannuwanta masu tabon mai, ta kalli bakinta. Leɓunanta suka motsa. Sai iska ta kaɗo daga wajen Nikasa, sarauniya ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Ba a wannan bakin ba."

"To, ranki ya daɗe," in ji Nikasa. Ta koma gaɓa ta hura wutarta.

Bayan shekara tara sarauniya ta rasu. A al'adarsu, kafin a rufe kabari sai an kira mamaci da sunansa sau uku, don ransa ya san an sallame shi. Mutanen Ortila suka taru suka yi cirko-cirko, kowa na duban na kusa da shi. Da shirun ya yi yawa, Nikasa ta matsa gaba, tunda ita ce ta saba magana a madadin wasu. Ta nuna ramin da haɓa, ta ce, "Waccan. Waccan. Waccan." Aka tura ƙasa.

Shi ya sa har yau duk inda aka ba da labarin nan, kowace al'umma da sunan da take kiranta, Girkawa da Waccan, mu da Saura Kaɗan, amma nata na yanka babu wanda ya sani. Mai soya kifi kuwa, harsunan bakwai duka Nikasa suke ce mata, ko harafi ɗaya bai canza ba.